Baƙon Cikin Ƙugu

Matakala ɗari da sittin da uku
tsakanin ƙofata da kasuwar kifi.
Shekara hamsin na ƙirga su da ƙafa.
Bana da ido nake ƙirgawa, ta taga,
Valparaíso a ƙasa tana shanya rufin kwanonta.

Ba yau na fara saukar baƙo ba.
Ina ɗan talatin da takwas, a tashar jiragen ruwa,
igiya ta tsinke, hannuna ya karye gida biyu.
Suka ɗaura ƙarfe da kusa shida.
A daren jikina ya tashi
kamar unguwar da aka yi wa ihun ɓarawo:
zafi, ja, kumburi, kowa da sandarsa.
Kwana tara ana hayaniya,
sannan aka gane ba sata ta kawo shi ba.
Aka gina masa ɗaki da nama, aka saki labule,
kowa ya koma shimfiɗarsa.
Kafin sanyi ya wuce ina saɓa buhun gishiri da hannun.

Wannan karon ƙugu ne.
Likita Painemal ta ɗora min irinsa a tafi kafin aiki,
kai mai santsi kamar ƙwan agwagwa, sanyi ƙalau.
Ta ce, Don Evaristo, ƙarfen yanzu ya fi na da.
Na so in ce, mai masaukin fa?
Sai na haɗiye.

Wata biyar ke nan.
Ba a yi ihu ba. Ina ma an yi.
Masu gadin jinina sun tsufa tare da ni,
sun iso a makare, suna jan ƙafa,
suka tsaya kan baƙon suna ƙanƙance ido.
Ba su kore shi ba,
ba su ce masa sannu da zuwa ba.
Wutar ƙaiƙayi ce: ba harshe, ba ta kuma mutuwa.

A hoton ƙashi ta nuna min da bakin biro
wani baƙin layi, siriri kamar gashi,
inda ya kamata ƙashi ya rungumi ƙarfe.
Ta ce a ƙuruciya garkuwar jiki ta san aiki biyu,
rushewa da gini,
ta san sa'ar ajiye guduma a ɗauki cokalin magini.
A tsufa agogon ne ke ɓata.
Kuma tun kafin baƙo ya yi sallama
gidan yana ɗan hayaƙi, shekara da shekaru,
har masu gadi sun daina bambanta gobara da girki.

Jikata Rayén tana ɗakin bincike a Santiago.
Ranar Lahadi ta zo da burodi da labarin ɓeraye.
Ta ce da can a kan 'yan ƙanana suke gwaji,
masu ƙyallin gashi, masu warkewa kafin ka juya.
Yanzu ta ware tsofaffi goma sha bakwai,
masu furfura a gashin baki,
tana shafa wa ƙarfe wani abu
ko zai iya gaisuwa da harshen tsohon jiki.
Na yi dariya har ƙugun ya amsa.
Sai yanzu kuka tuna ku tambayi tsoho zancen tsufa?

An ce baƙo raɓa ne.
Wannan hantsi ba zai busar da shi ba.
Shi zai raka ni kusa da Herminia, can bisa tudu,
kuma bayan ƙasa ta gama da mu biyu
yana nan kwance, yana ƙyalli, ba wanda ya sani.

Jiya na sauka matakala goma sha ɗaya.
Na zauna a ta sha biyu, kusa da kyanwar maƙwabta,
na dafa wurin da tafin hannu, da ɗumi har yanzu.
Na ce musu a hankali, kamar yadda ake wa abokan aiki:
ku ajiye sandunan nan haka.
Ku ba shi ruwa.
Ba inda za shi.